Ambulan Bisa Rediyon Alhaji

Kirkissoye, Yamai

Zuwa ga ɗiyar Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki zaune lafiya a kujerar mota, kusa da taga yadda kike so. Allah Ya kai ki Damagaram lafiya, Ya tsare ki daga sharrin hanya da na direba mai gyangyaɗi. Wannan addu'a ta ƙarshe na san abin da ya sa nake yin ta, shekara talatin na yi cikin direbobi.

Hanyar tana da tsawo, don haka ba zan yi sauri ba. Bari in fara da wata jita-jita da na taɓa ji ban yarda ba.

Shekarar da na ci bak, jarrabawar ƙarshen sakandare, wani tela a unguwarmu ta Maourey, yana cizon zare, ya ce mini wai an ga kakanki Alhaji a meri, ofishin magajin gari, tsaye a layin masu neman takardar shaidar rashin hali. Wai ba babbar riga, ba rawani, 'yar shara ce kawai a jikinsa kamar ɗan dako. Na yi dariya, na ce masa ya bar ɗinki cikin duhu, idonsa ya fara lalacewa. Bayan wata biyu abokina Hamani, wannan dai Hamanin da ke zuwa shan shayi ƙofar gidanmu, ya sake kawo mini maganar, ya ce gwaggonsa ta gani da idonta. Shi ban yi masa dariya ba. Sati guda na yi ba na amsa gaisuwarsa.

Ba ki san Alhaji ba sai a hoto, shi ya sa ba za ki gane dalilin fushina ba. Mutumin Maraɗi ne, ya zo Yamai da saurayintakarsa, ya yi suna a kasuwar atamfa. Lokacin da nake lise, wato babbar sakandare, kasuwa ta riga ta juya masa baya, rumfarsa ta koma katako da 'yan turame shida da yake jujjuya musu wuri don su cika ido. Amma kowace safiya sai ya saka shadda mai sitati, ya fesa turare, ya fita kamar ana jiran sa da motar kaya. Mutumin da ko bara aka zo yi masa sai ya lalube aljihu, shi ne za a ce ya tsaya gaban ma'aikaci ya ce ba shi da hali? Ban ga hanyar da hakan za ta yiwu ba.

Sai ki haɗa da wannan. Ni ɗan fari ne, kamar ke. Har Alhaji ya koma ga Allah bai taɓa kiran sunana ba. In yana nema na sai ya ce, "Ina wannan yaron?" ko da ina tsaye gabansa. Kakarki Inna kuwa ta fi shi. In tana son in ci abinci, kwanon take faɗa wa: "Tuwon nan dai zai huce." In tana son in yi aski sai ta ce wa bango wanzami ya yi araha bana. Haka aka tashe su, kunyar ɗan fari, kuma ban taɓa shakkar suna so na ba. Ni ma da na samu ke sai na bi sahu. Shekara goma sha tara ina ce miki ɗiyar Inna, ina aika miki saƙo ta bakin uwarki alhali tabarma ɗaya ce tsakaninmu.

To, makin da na samu a bak bai kai a ba ni burs ba, wato kuɗin karatu na gwamnati, amma akwai wani taimako da ake ba ɗaliban da iyayensu ba su da ƙarfi. Ba shi da yawa, sai dai yana riƙe mutum, ya ci abinci, ya sayi takardu. Na haɗa dosiye tsaf: takardar haihuwa, shaidar ɗan ƙasa, hotuna, kwafin sakamako, kowace an buga mata tampo, wato hatimi. Saura guda ɗaya, ta shaidar rashin hali, wadda uba zai je da kansa da shaidu biyu ya karɓo. Sati uku ina shiga zaure da safe da niyyar in yi maganar. In durƙusa in gaishe shi, yana sauraron labarai, ya ce, "Lafiya?" in ce, "Lafiya lau," ya ce, "To madalla," in tashi. Bisa rediyon akwai wani ambulan ruwan ƙasa da aka danne da carbi. Kullum ina ganin sa, amma takardun Alhaji ba abin taɓawa ba ne. Wata rana ma ya dubi ƙofa ya ce, "Rediyon nan yana son a goge shi." Na kawo tsumma, na ɗaga ambulan ɗin da ladabi, na goge rediyo har yana sheƙi, na mayar da shi inda yake, na ɗora carbin.

Ranar rufe karɓar dosiye ta zo ta wuce. Nawa yana ƙarƙashin katifa.

Wannan shi ne kuskurena na fari, kuma duk sauran 'ya'yansa ne. Abin da zan ce miki a kansa kaɗan ne. Duk wani taimako da aka ce na ɗalibai ne, ki nema. Ba bara ba ce, don irinku aka ajiye shi. Ki riƙa karanta allon sanarwa kamar yadda kike karanta wayarki. Kowace takarda ki yi mata fotokopi biyu, ki ajiye asalin cikin leda, kada ki ba kowa asali ko da ya sa taye. In an ce ki dawo gobe, ki dawo goben, ki gaishe su, ki zauna inda za su riƙa ganin ki. Na yi aiki da mutanen biro, ma'aikatan ofis, yawancinsu ba mugaye ba ne, mantuwa ce ta yi musu yawa, fuskar da suke gani kullum ita suke tunawa.

Duk da haka na shiga jami'a, na ce zan riƙe kaina. Kowace safiya in taka daga Maourey in haye gadar kogi da ƙafa zuwa jami'a. Hanyar farko da na gwada ita ce koyar da 'ya'yan mutane a gida. Wani malaminmu na lise, mushe kamar yadda muke ce musu, ya haɗa ni da wata madam a unguwar Plateau mai 'ya'ya biyu da lissafi ya gagara. Ranar farko ta tambaye ni, "Mushe, nawa za a ba ka a wata?" Ni kuma ɗan Alhaji, na sunkuyar da kai na ce, "Haba Hajiya, duk abin da ya sawwaƙa." Ta ce kai, yaron nan akwai tarbiyya. Ƙarshen wata ta miƙo mini leda mai nauyi, na yi ta godiya, ban buɗe ba sai da na sha kwana. Takalman mijinta ne, baƙaƙe, masu kyau ƙwarai, sai dai mijin nata ƙato ne. Wata na biyu ta ba ni kwat. Na uku gwangwanin madara da taye biyu. Da na ƙara wata uku da na fita gidan nan cikakken darakta, yunwa ce kawai za ta tona mini asiri. Takalman kuwa na cusa musu takarda na yi ta haye gada da su, suna tafiya gabana ina bin su.

Matar nan ba ta cuce ni ba. Ta tambaya, ni na ƙi faɗa. Saboda haka in za ki koyar, kuma ina ganin za ki iya don na ji yadda kike fama da ƙannenki, ki faɗi kuɗinki tun kina tsaye, kafin a kawo miki ruwa. In kin sha ruwan gida bakinki zai yi nauyi. Ki faɗa da murmushi, ki faɗi ranar biya. Ki zaɓi gidan da uwar 'ya'yan take zaune lokacin darasi, kuma kada ki wuce gida biyu. Watan jarrabawarki ki gaya musu tun da wuri ba za ki zo ba.

Da koyarwa ta ba ni kwat, sai na koma kilishi. Ina saro shi wajen wani Batawe, mutumin Tawa, kusa da kasuwa, in yayyanka, in ƙunsa a takarda, in bi ɗakunan ɗalibai. Nan na gane ɗalibi ba ya sayen abu sai ya ɗanɗana, kuma ɗanɗanonsa ya fi abin da zai saya. Shugaban masu ɗanɗano Hamani ne. Yana tauna yana cewa, "Ku Hausawa an ce kasuwanci a jininku yake. Kai naka jinin ina ya tsaya, Dogon Dutsi?" In ce masa Bazabarme bai san kilishi ba sai na kyauta, ya ce to ƙaro, bai gama gane ɗanɗanon ba.

Daga baya na koyi ɗaure fuska, abin ya fara tafiya. A nan ne kuskuren gaske ya shigo. Mai kilishin da hantsi yake fitar da sabo, darasin da ya fi wuya kuma da hantsi ake yin sa. Na ce yau ɗaya ba komai, zan kwafa wajen Hamani. Gobe ma haka. Kafin in ankara na zama mai kilishi da ke leƙa jami'a jefi-jefi. Aljihuna ya ɗan yi nauyi, kaina ya koma fayau.

Uwarki ta ce mini kina shirin yin kitso da lalle a ɗakin kwanan 'yan mata. Hannunki yana da kyau, na ga kan ƙannenki ranar salla. Ki yi, sana'a ce mai mutunci, kuma ba ta son jari sai tsinke da haƙuri. Amma ki ba ta rana, Asabar da yammacin Lahadi, kada ta wuce nan ko amarya ce ta zo da kuka. Ƙawar da ta ce ki yi mata don Allah, ki ce mata don Allah ɗin za ki rage mata, ba za ki yafe ba. Duk ranar da kika ga kina lissafin kawuna a cikin aji, ki ajiye tsinken wata guda. Damagaram akwai masu kitso tun kafin a haife ki, ba su aika a kawo musu ƙari daga Yamai ba.

Ƙarshen shekara na faɗi jarrabawa, faɗuwar da ba ta bar wurin gardama ba. Na ce wa Alhaji, ta bakin ƙanensa, karatu bai karɓe ni ba. Na koyi tuƙi, na samu aikin direba a wata ma'aikata a Plateau, kuma Allah da ikonSa hanyar da nake bi kullum ta gaban biron nan take wucewa, inda ya kamata in kai dosiyena. Shekara talatin ina ganin ɗalibai a ƙofarsa rungume da takardu. Ban yi baƙin ciki da tuƙi ba, da shi na auri uwarki, da shi na gina ɗakunan nan na Kirkissoye. Amma in na tsaya a wurin ina jiran a ba da hannu, nakan kalli wani gefen.

Akwai kuskure ɗaya da ban yi shi da ƙuruciya ba, bara na yi shi da furfurata. Wani mutum mai jakar hannu ya riƙa zama wajen mai shayin bakin titinmu, ya ce yana da hanyar burs ta ƙasar waje, kuɗin buɗe dosiye kawai za a ba shi. Ya nuna mini hotunan yara cikin rigunan sanyi. Na ba shi fanshona na wata biyu saboda ke. Yau wayarsa kullum a kashe take, mai shayi kuma ya ce shi ma yana neman sa, bai biya ƙwai ba. Ni da na kai 'ya'yan manya filin jirgi ba adadi, na san babu ɗaya cikinsu da ya samo burs wajen mai shayi, amma son ki ya rufe mini ido. Duk wanda ya ce ki ba shi kuɗi ya samo miki kuɗin karatu, ki gaishe shi ki wuce. Uwarki ba ta san wannan magana ba, kada ki gaya mata. Ko da yake ina zargin ta sani, don tun lokacin tsoka ɗaya nake gani a miyata.

Ita uwarki ta fi ni dabara. Ta roƙi matan adashensu su bar mata kwasar watan komawa makaranta kowace shekara har ki gama, sun yarda. Wannan zai biya rajista da ɗaki. Abinci da takardu da sabulu na sauran watanni kuwa, fanshona ba zai kai ba, ga ƙannenki huɗu. Na auna ta kowane gefe. In babu taimakon nan, kitso ne zai riƙe ki, kuma na riga na gaya miki inda wannan hanya ta kai ni.

Yanzu na iso inda nake son zuwa tun kuna Dosso, in dai direbanku yana tafiya yadda ya kamata.

Ran Juma'a uwarki ta kawo mini maganar da kika yi mata a madafa. Ta ce dosiyenki na neman taimako ya cika saura takarda ɗaya, kuma kin ce ba za ki sa Baba ya je meri ya tsaya a layi ya ce ba shi da hali ba, gara ki yi kitso har yatsunki su kumbura. Ta ce kin sa ta rantse ba za ta faɗa mini ba. Ta yi kaffara, kada ki damu. Da na ji, sai na ga kaina durƙushe a zauren Maourey ina cewa lafiya lau.

Ran Litinin na je. Na ɗauki mai unguwa da Hamani su zama shaidu. Layin yana da tsawo, muka tsaya bayan wata tsohuwa da ke neman takardar don asibiti. Can sai ga wani da muka yi aiki tare a Plateau, na ce shi ke nan, yau labari ya kai ma'aikata. Ya gaishe ni, na gaishe shi. Ashe shi ma ita ya zo nema, ɗansa yana karatu a Tawa. Da muka isa gaban ma'aikacin ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Baba, kai ne marar halin?" Kafin in buɗe baki Hamani ya ce, "Rubuta, mushe, ni shaida ne. Shekara arba'in ina shan shayinsa, ganye ɗaya yake tafasawa sau huɗu, na huɗun ko akuya ba ta sha." Mai unguwa ya ce shi bai sha na huɗun ba amma ya sha na uku, ya isa shaida. Ma'aikacin ya yi dariya har ya buga tampon a karkace. Kafin azahar mun fito. Ba wanda ya nuna ni da yatsa, mai ƙosai tana ta suyarta, 'yan kabu-kabu suna ta rigimarsu. Abin da na ji tsoro shekara arba'in ke nan, rabin yini ne da ɗan ciwon ƙafa.

Amma kafin in fita gida a safiyar nan, an sake ba ni labarin da tela ya ba ni, kuma wannan karon an ƙara da abin da tela bai sani ba. Alhaji ya je meri. Ya ji ƙanensa yana zancen takardar, bai jira an roƙe shi ba, ya tuɓe shaddarsa ya tafi, ya tsaya a layi, ya faɗi abin da ake faɗa. Ya dawo da ita cikin ambulan ruwan ƙasa. Ba zai iya miƙa wa ɗan fari abu hannu da hannu ba, balle irin wannan, sai ya ɗora bisa rediyo inda nake durƙusawa kullum. Ranar da na ɗaga ambulan ɗin na goge ƙarƙashinsa na mayar, shi a ganinsa na san abin da ke ciki, na ƙi ne don ina jin kunyar a ce ubana matalauci ne. Da wannan zaton ya zauna har ya rasu. Ya hana a tayar da maganar, aka bi umarninsa. Ni ina kare masa mutunci, shi ya riga ya ajiye mutuncin ya karɓo mini takarda, taku biyu tsakaninmu, kowa yana ladabi.

An nuna mini ambulan ɗin. Takardar ta yi ja, tampon ya kusa gogewa, amma sunana yana nan a rubuce. Ashe ya faɗe shi sau ɗaya, a gaban ma'aikaci.

Taki takardar tana bayan wannan wasiƙa, cikin leda. Shi ya sa kika ga na zo tasha da kaina na sa miki ambulan a hannu, ban ba uwarki ba, ban ɗora bisa komai ba. An ce ƙarshen watan nan ake rufe karɓa. Kina sauka, ki kwana, ki yi wanka, washegari ki kai dosiyenki kafin ki nemi inda ake sayar da katin waya. Ki karɓi shaidar sun karɓa. Wataƙila a ba ki, wataƙila a hana, wannan na Allah ne. Sannan ki kira ni, ni, a wayata, ba ta uwarki ba. In kin ji na yi shiru kada ki kashe, ina koyo ne. Daga yau in abu ya ƙare miki ki faɗa mini da bakinki. In ina da shi in ba ki, in babu in ce babu, mu nemi dabara tare.

Allah Ya tsare ki, Balkisa. Ga shi na rubuta, kuma alƙalamin bai karye ba. Allah Ya haɗa ki da abokan zama nagari da malamai masu haƙuri, Ya buɗe miki abin da ya rufe mini, Ya kare ki daga ciwo da mugun ido, Ya dawo mana da ke lafiya. Uwarki da ƙannenki suna gaishe ki. Hamani ya ce in kin zo hutu ki taho masa da alkaki, na ɗanɗano.

Na san za ki so sanin wanda ya ba ni labarin a karo na ƙarshe. Safiyar Litinin ɗin na fito cikin shaddata ta salla, na ce in za a ce ba ni da hali, a faɗa ina da kyan gani. Tana zaune bakin ƙofarta za ta yi alwala. Ba ta dube ni ba, ta dubi butar ta ce, "Rigar nan ba ta zuwa meri ba ce. Wancan ma sai da ya tuɓe tasa, ni na riƙe masa har ya dawo." Daga nan ta ba butar labarin duka.

Inna ce. Ni dai ina tsaye kusa da butar.

Naki,
Baba